Kuɗin kula da tsoho a Agadez: hukuma ba ta yanka ba, jikanya ce ke biya

Duk lokacin da aka tayar da maganar gidajen kula da tsofaffi, a fada ko a ɗakin malamai, amsa ɗaya ake bayarwa, kuma da alfahari ake ba da ita: "Nan ba Turai ba ce. Mu ba ma kai iyayenmu gidan ajiya." Sai a yi tsaki, a kurɓi shayi, a shiga wata hira.

Na yarda da rabin wannan magana. Ni ma ba na fatan ranar da Ba'agadashe zai ɗauki mahaifiyarsa ya miƙa wa baƙi don kawai ta dame shi. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne inda ake ɗauka cewa tunda ba mu da gidan, to ba mu da kuɗin da ake kashewa. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko a Landan yake ko a Dagmanet, sai an juya shi, an wanke shi, an ba shi abinci a baki, an sayo masa magani. Wannan aiki yana da farashi. A Ingila da Faransa ƙananan hukumomi ne ke zama su yanka farashin, su rubuta shi, a yi ta faɗa da su a kai har gaban alƙali. Mu a nan ba wanda ya zauna ya yanka, ba wanda ya rubuta, amma ana biya kowace safiya. Kuma mu malamai mun san mai biyan, domin kujerarta ce muke tararwa babu kowa idan mun kira suna.

Abin da nake so in faɗa wa ƴan'uwana malamai da iyayen yara shi ne: alfaharin da muke yi da al'ada ya zama inuwar da ma'aikatun magajin gari ke laɓewa a ciki, su rufe kasafin shekara ba tare da sun ware wa tsoho ko dala ɗaya da za a nuna da yatsa ba.

Yadda ake yanka farashin a can

Bari mu leƙa wajen masu gidajen, don mu san abin da muke zagi.

A Ingila yawancin gidajen kula da tsofaffi na ƴan kasuwa ne da ƙungiyoyin agaji. Iri biyu ne: akwai wanda ake ba tsoho ɗaki da abinci da taimakon wanka da sutura, akwai kuma wanda ma'aikatan jinya ke kwana a ciki saboda masu ciwo mai nauyi. Dokar da aka yi a 2014 ta ɗora wa ƙaramar hukuma ta auna abu biyu: bukatar tsohon, da abin da ya mallaka. Wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250, wato sama da sefa miliyan 17, shi zai biya wa kansa. Wanda ta gaza haka, hukuma za ta sa hannu, a haɗa da kuɗin fanshonsa. Kowace shekara hukumar kan sanar da abin da za ta biya a kan kowane gado a mako.

Ga inda gizo ke saƙar. Hukuma ita ce babban mai saye, aljihunta kuma ba ya da zurfi, don haka takan matse farashin ƙasa da abin da aikin ke ci. Mai gida ba zai yarda ya faɗi ba, sai ya huce a kan masu biyan kansu. A 2017 hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a Birtaniya ta gano cewa mai biyan kansa yana biyan kusan kashi 41 cikin 100 fiye da abin da ƙaramar hukuma ke biya, alhali gida ɗaya suke, tukunya ɗaya ake zuba musu. A 2011 kamfanin Southern Cross, mai gidaje wajen 750 da tsofaffi kimanin 31,000, ya durƙushe: kuɗin haya na hawa, abin da hukumomi ke biya kuwa ya tsaya cik. A wannan shekarar dai wata babbar kotu ta soke matakin da ƙaramar hukumar Sefton ta ɗauka na ƙin ƙara farashi, domin ba ta tsaya ta duba ainihin abin da kulawar ke ci ba. An kuma yi wa jama'a alkawarin cewa ba wanda zai kashe fiye da fam 86,000 a kan kulawa a tsawon rayuwarsa. Aka ɗage, a Yulin 2024 aka soke shi ɗungurungum.

A Faransa, wadda muka gaji tsarin mulkinta, an raba kuɗin gidan tsofaffi kashi uku. Na jinya inshorar lafiya ce ke biya. Na taimakon wanda ba ya iya yi wa kansa komai, majalisar gunduma ce ke yankawa, ta kuma ɗauki kaso mai yawa. Na ɗaki da abinci tsohon ne ke biya. Idan ya kasa, doka ta ce a nemi ƴaƴansa su cika, idan su ma sun kasa gunduma ta biya, bayan rasuwarsa ta ciri abinta daga gado. Duk da wannan lissafi, a farkon 2022 ɗan jarida Victor Castanet ya fitar da littafin da ya tona yadda kamfanin Orpea ke tsuke abinci da ƙunzugun tsofaffi don riba ta ƙaru, ƙasar ta ɗau zafi.

To, mai cewa tsarin nan yana da muni bai yi ƙarya ba. Amma a lura da abu ɗaya. An san da kashi 41 ɗin nan ne saboda farashi a rubuce yake. Alƙali ya iya taka wa Sefton burki ne saboda akwai takardar da aka sa wa hannu. Ɓarnarsu tana da lamba, tana da wanda za a tuhuma. Tamu fa?

Wa ke biya a Agadez?

Ɗauki alli, malam, mu yi lissafi irin wanda muke ba ƴan CM2. Tsohuwa ce hawan jini ya kayar, ba ta tashi. Rubuta maganin wata. Rubuta kuɗin adaidaita zuwa likita da dawowa, domin ba a ɗora ta a kan kabu-kabu. Rubuta sabulu da ruwa, a garin da famfo kan yi kwanaki bai zubo ba a lokacin zafi, sai an saya a wajen ƴan garuwa. Rubuta madara da kunu da ɗan nama, tunda ba ta iya tuwo. Sannan ka zo kan babban layi: mutumin da zai zauna da ita. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata, kuma wannan na mai aikin yini ne da ke tashi ya tafi gida. Tsohuwa kuwa ba ta da lokacin tashi daga aiki. Da za a ɗauki ma'aikata, sai an samu na rana da na dare.

A gidajenmu wannan layi na ƙarshe ba a rubuta masa komai, sai a ce kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Matar ɗa ce ta rufe teburin sana'arta. Ƴa ce ta baro ɗakin mijinta a Arlit ta dawo jinya, auren na tangal-tangal. Idan kuma babu su, sai a waiwayi jikanya mai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu.

Na shafe sama da shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma na san yadda abin ke farawa. Yarinya mai ƙoƙari ta fara makara. Sai ta fara gyangyaɗi a aji. Sai ta daina zuwa da yamma. Ka aika a kira uwa, ta zo ta sunkuyar da kai ta ce: "Mushe, kaka ce ba lafiya, da ta samu sauƙi za ta dawo." Ciwon tsufa kuwa ba zazzaɓi ba ne da ake jira ya sauka. Shekara ta ƙare, a rubuta a rajista cewa ta bar makaranta, ba a rubuta dalili. Ba na ganin laifin uwar. Ba ta da wata mafita. A 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare karatun ƴa mace da tallafa mata har ta kammala. Doka ce mai kyau. Amma wace doka ce za ta zaunar da yarinya a aji alhali babu mai juya kakarta a gida?

Su kuma masu alfahari da zumunci, ina roƙonsu su dubi Agadez ta yau, su bar ta kakanninsu. Gidan da a da ake samun maza biyar da matansu a tsakar gida ɗaya, yanzu ina mazan? Tun da aka gano zinariya a Djado a 2014, sannan Tchibarakaten, samari suka yi arewa. Wasu suna Libiya, wasu Aljeriya. Dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure ta tsayar da motoci da abincin gidaje da yawa har zuwa lokacin da aka soke ta a ƙarshen 2023. Yawon buɗe ido da ya ciyar da maƙera da madukai da direbobi ya daɗe da mutuwa. A ƙarshen Maris na 2021 kamfanin COMINAK ya rufe ma'adinin Akouta, ɗaruruwan ma'aikata da ƴan kwangila suka rasa abin yi, kuma kowanensu akwai tsofaffin da ke jiran aikensa. Mu kanmu malamai, ana iya tura mutum Bilma ko Iferouane ya bar mahaifiyarsa a birni, tsakaninsu tafiyar kwanaki. Zumuncin yana nan a zuciya, amma hannuwan da ke aikata shi sun watse.

Ga kuma waɗanda ba su da kowa: wadda ba ta taɓa haihuwa ba, wanda ya zo cin rani daga kudu shekara arba'in da suka wuce ya tsufa a nan, wanda ƴaƴansa suka riga shi. Muna ganinsu a ƙofar masallaci da bakin tasha. Idan an ce ba mu da gidan tsofaffi, to bakin titi shi ne gidan nasu, farashinsa kuma bara.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Wani zai ce wannan aikin Yamai ne, ina ruwan magajin gari? Da ruwansa. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka fara sauko da mulki kusa da talaka. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010 ya sanya taimakon marasa ƙarfi cikin ayyukan da suka rataya a kansu. A 2016 aka fitar da dokokin da suka miƙa musu fannoni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Jihar Agadez tana da ƙananan hukumomi 15, kowace tana karɓar haraji, tana yanka kuɗin rumfar kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin mahauta, kuɗin takardar fili. Hukumar da ta san kuɗin da za a biya a kan kowace akuya da ta shigo kasuwar dabbobi ba za ta ce lissafin tsoho ya fi ƙarfinta ba.

A fannin lafiya, tun bayan shirin Bamako na 1987 da dokar 1995 ta maido da kuɗin magani, talaka biya yake yi a CSI. A 2005 aka ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa, a 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar, aka ɗauke kuɗin awon ciki. Daga 1 ga Satumban 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ayyukan asibitocinta, ta mai da haihuwa kyauta, ta soke jika 150 da ake karɓa kafin a fara wankin ƙoda. Wannan mataki ne da ya cancanci yabo, kuma tsofaffi sun amfana. Amma duk waɗannan suna tsayawa ne a ƙofar asibiti. Tsohon da aka sallama da shanyayyen jiki, abin da ke gabansa shekaru ne na kwanciya a ɗaki, kuma babu wata takarda da ta yi maganar waɗannan shekaru.

Abu ɗaya da talaka ke da shi shi ne takardar shaidar rashin ƙarfi, wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa don a ɗauke masa kuɗin jinya. A nan ne ainihin yankan farashinmu yake, domin wannan takarda ce ke raba wanda zai biya da wanda ba zai biya ba. To ina tambaya: a cikinku wa ya taɓa ganin sharuɗɗan samunta manne a bango? Wa ya san nawa aka ware mata a bana, nawa aka bayar, nawa aka biya asibiti? Na taɓa raka wata maƙwabciya neman irin wannan takarda saboda mijinta da ke kwance. Kwana uku muna zarya: yau mai sa hannu ya fita, gobe a kawo shaidu, jibi a dawo. Ita da ya kamata tana gefen mara lafiya, tana kan benci tana jira. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sai ciwo ya kayar da mutum sannan ake fara binciken ko talaka ne, alhali mai unguwa da liman da duk maƙwabta sun san amsar shekara goma da suka wuce.

Kuma idan sharaɗi ba a rubuce yake ba, kowa ya san abin da ke maye gurbinsa: wa ka sani. Mai ɗan'uwa a ofis ya samu a yini ɗaya. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci, ba ta da mai yi mata magana, ta haƙura.

Uzurori uku da aka saba kawowa

Na farko: babu kuɗi. Gaskiya ne ƙananan hukumominmu ba su da ƙarfi, kuma an miƙa musu ayyuka ba a miƙa musu isassun kuɗin yi ba. Amma Agadez ba za ta yi wannan kuka kamar kowa ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai don ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa a cikinta. An sha kokawa cewa kuɗin ba sa zuwa kan lokaci, kuma wannan faɗa ne da ya kamata a ci gaba da yi. Amma idan sun zo, wa ya fi cancanta da kaso a ciki kamar mutanen da suka ƙarar da ƙarfinsu a ramin yuraniyom na Arlit da na gawayin Tchirozérine, da matan da suka yi musu daka da wanki? Sannan rashin kuɗi ba ya hana ƙidaya. Sanin adadin tsofaffin da ke kwance a kowace unguwa littafi da biro kawai yake buƙata.

Na biyu: addini ya riga ya ɗora wa ƴaƴa. Haka ne, kuma ba mai ja da wannan. Alƙur'ani ya haɗa kyautata wa iyaye da bautar Allah, ya kuma ambaci lokacin tsufansu musamman. Amma addinin nan dai shi ne ya sanya fakirai da miskinai a sahun farko na masu cin zakka, shi ne ya san da baitulmali, shi ne ya ce shugaba abin tambaya ne a kan waɗanda yake kiwo. Ba a ɗauki aya ɗaya a ɗora wa matar ɗa, a ajiye sauran da suka shafi masu mulki da masu dukiya. Taimaka wa ɗa ya riƙe mahaifinsa a gida taimako ne a kan biyayyar iyaye. Wanda ke hana wannan taimako da sunan addini, ya sake duba karatunsa.

Na uku: ƙasarmu ta yara ce, tsofaffi ba su da yawa. Gaskiya ne kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma waɗanda suka haura 60 ba su kai biyar cikin ɗari ba. To ai wannan hujja ce a kanku. Idan ba su da yawa, ɗaukar nauyinsu bai fi ƙarfinmu ba. Ƙasashen Turai sun tsaya har tsofaffi suka yi musu yawa sannan suka fara neman dabara, ga shi suna ta kame-kame. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kuma kuɗin tsoho da na yaro ba kishiyoyi ba ne: duk jikar da aka kashe a kan mai jinya, yarinya ce aka mayar aji.

Ga masu son a buɗe gidajen kuɗi

Akwai wani ɓangaren da shi ma ba na tare da shi. Su ne masu cewa a bar ƴan kasuwa su buɗe gidajen kula da tsofaffi kamar yadda suka buɗe makarantun kuɗi da asibitocin kuɗi, kasuwa ta gyara kanta. Mu malamai mun ga yadda aka yi da makarantu: mai hali ya kwashe ƴaƴansa, makarantar gwamnati ta zama ta wanda ba shi da zaɓi. Yaro ma yana iya dawowa gida ya faɗi abin da aka yi masa. Tsohon da gigin tsufa ya kama ba ya iya kai ƙara. Idan a Faransa, da duk masu bincikenta, an iya tsuke wa tsofaffi abinci shekara da shekaru, me zai faru a inda ba mai leƙawa?

Irin waɗannan gidaje za su zo, ko mun so ko mun ƙi, domin buƙatar tana ƙaruwa, akwai kuma ƴaƴan da ke waje masu iya biya. Gara doka ta riga su isowa. Kuma mu ɗauki darasi daga kanmu: lokacin da aka ce maganin yara kyauta ne, gwamnati ta yi ta jinkirin biyan asibitoci, bashin biliyoyin sefa ya taru, kantocin magani suka bushe, uwa ta koma saye a waje. Sanar da kyauta ba tare da an lissafa abin da za ta ci ba, an kuma tanadi mai biya, yaudara ce. Kuskuren Sefton ke nan, kuma mun riga mun ɗanɗana irinsa.

Abin da nake nema

Tun Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da su. Wannan ya rage wuraren da talaka zai yi tambaya, amma ya sauƙaƙa abu ɗaya: mai yanke shawara mutum ɗaya ne, an san ofishinsa. Ga abin da nake ganin ya kamata mu kai masa, a Agadez da Arlit da Ingall da sauransu.

A fara da ƙidaya. Masu unguwanni da hakimai, ƙarƙashin fadar Sarkin Abzin, tare da ma'aikatan CSI, su rubuta tsofaffin da ba sa iya tashi da waɗanda ba su da mai kula da su. A sabunta kowace shekara.

A rubuta sharuɗɗan takardar rashin ƙarfi da Hausa da Tamajak da Faransanci, a manna a ƙofar ma'aikata da ta kowane asibiti, a karanta a rediyo. A ba tsohon da ya cancanta takardarsa tun yana kan ƙafafunsa, ta yi masa shekara guda, kada a jira sai yana kan gadon asibiti.

A buɗe layi na musamman a kasafin kuɗi da sunan tsofaffi marasa ƙarfi, a faɗi adadinsa a farkon shekara, a faɗi abin da aka kashe a ƙarshenta. Ko kaɗan ne a rubuta. Abin da aka rubuta ana iya neman a ƙara shi. Abin da ba a rubuta ba sai dai a yi ta addu'a.

Kafin a yi maganar gini, a fara da masu taimako a gida. A horar da mata da matasa na unguwa yadda ake juya mara lafiya don kada ya yi gyambon kwanciya, yadda ake auna hawan jini da suga, a biya su, su riƙa zagayawa gidaje da safe, daidai lokacin da yara ke aji. Muna da irin wannan tsari na masu faɗakarwa a unguwanni don allurar rigakafi da tamowa, ba sabon abu ba ne. Mai hali ya biya cikakke, mai matsakaicin ƙarfi ya biya rabi, mai takarda a ɗauke masa, kuma a manna jadawalin kowa ya gani.

Ga waɗanda ba su da kowa, a tanadi ɗan gida a cikin gari, kusa da masallaci da mutane, kada a kai su bayan gari kamar masu laifi. A lissafa ainihin abin da kowane gado ke ci kafin a yanka farashi, kuma kada a ɓoye gibin a cikin kuɗin wani. Attajiranmu na zinariya da sufuri su samu inda za su zuba zakka da wakafi a ga amfaninsu, da kwamitin da ke karanta lissafi a bainar jama'a.

Namu aikin

Mu malamai da iyaye ba sai mun jira kowa ba. Mun san aikin COGES: mun saba zama mu ƙirga tebura da alli, mu yanka gudunmawa, mu karanta lissafi gaban iyaye. A taro na gaba, a ƙara tambaya ɗaya: yara nawa ne suka daina zuwa ko suke makara saboda jinyar wani babba a gida? Kowane darakta ya rubuta adadin, ba tare da sunaye ba, a haɗa na makarantun gari, ƙungiyar iyaye da ta uwaye su ɗauka su kai wa kantoma. Ranar da aka ajiye masa wannan takarda a tebur, maganar ta tashi daga hirar fada ta zama lamba, kuma lamba ba a kore ta da tsaki.

Ku kuma iyaye maza, idan jinya ta faɗo gida, a raba ta. Namiji ma yana iya kwana da mahaifinsa, yana iya ɗebo ruwa, yana iya wanke shi. Ba a taɓa jin wanda mutuncinsa ya zube don ya yi wa uwarsa hidima ba. Kada a tattara duka a ɗora wa ƙaramar da ba ta iya cewa a'a.

Mu da muke cikin shekaru arba'in, saura ƙasa da ashirin mu ajiye alli. Abokan aikinmu ƴan kwantaragi, da yawansu sun ba aji ƙuruciyarsu ba tare da tabbacin fansho ba. Tsarin da muka yi shiru a kansa yau, shi za mu tarar. Ni dai ba na son ranar da za a cire jikata daga aji saboda ni.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama da su lafiya.